Babi na Shida: Idanun da Gwamnati Ba Ta Mallaka Ba

A watan Maris na 1994 hukumomi a Beijing suka amince da rajistar wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai suna Ziran zhi You, wato Abokan Halittu. Shekara biyar ke nan kacal da murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen, lokacin da duk wani taron jama'a da ba Jam'iyyar Kwaminis ce ta kira shi ba ake yi masa kallon tuhuma. Jagoran ƙungiyar, Liang Congjie, masanin tarihi ne kuma ɗan babban gida: kakansa Liang Qichao na cikin fitattun masu neman sauyi a ƙarshen zamanin sarauta, iyayensa kuma mashahuran masana gine-gine ne, shi kansa yana da kujera a majalisar ba da shawara ta ƙasa. Da wannan mutunci ya samu wata cibiyar nazarin al'adu ta rungumi ƙungiyar a matsayin reshenta. Ayyukansu na farko ba su da wani abin ɗaga hankali, daga kallon tsuntsaye sai dashen itatuwa sai koyar da 'yan makaranta. Amma daga wannan ƙaramin mafari ne aka samu fagen da ya fi kowanne faɗi da ƙarko a rayuwar ƙungiyoyi masu zaman kansu a ƙasar Sin. Abin da nake son nunawa a wannan babi shi ne cewa waɗannan ƙungiyoyi sun bunƙasa ne domin sun zama idanun da gwamnatin tsakiya ke buƙata amma ba ta da su, kuma wannan matsayi shi ne ya ba su ƙarfi, shi ne kuma ya shata musu iyakar da ba su iya ƙetarewa ba.

Wanda yake kallon Sin daga nesa yakan ɗauka cewa umarni ɗaya daga Beijing yana isa kowane lungu. A kan batun muhalli, abin ya daɗe ba haka yake ba. Tun daga sauye-sauyen tattalin arziki na 1978, ma'aunin da ake auna shugaban gunduma ko na birni da shi kafin a ƙara masa girma shi ne yawan masana'antun da ya jawo da kuɗin shigar da ya tara. Ofishin kare muhalli na gundumar kuwa, albashinsa da naɗin shugabansa duk a hannun wannan shugaban suke a wancan lokacin. To yaya jami'in da ke cin albashi daga harajin masana'antar takarda zai rufe ta don ta zuba dagwalo a kogi? Dokoki suna nan a rubuce, domin tun 1979 aka fara gwada dokar kare muhalli, aka tabbatar da ita a 1989. Sai dai hukumar da ke kula da su a Beijing ƙarama ce, ba ta zama cikakkiyar ma'aikata ba sai a 2008, kuma rahotannin da ke iso mata daga larduna sun biyo ta hannun waɗanda ke da abin ɓoyewa. A wannan giɓi ne 'yan rajin muhalli suka samu wurin zama. Misali na farko ya faru a tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da mai ɗaukar hoto Xi Zhinong ya gano cewa gundumar Deqin da ke lardin Yunnan na shirin sare dajin da wani biri mai ɗan guntun hanci, wanda ba a samun irinsa sai a wannan sashe na ƙasar Sin, yake rayuwa a ciki. Wasiƙu suka kai ga manya a Beijing ta hannun Liang da abokansa, jaridu suka ɗauka, ɗalibai suka shiga, aka dakatar da saran. Babu wanda ya ƙalubalanci Jam'iyya a cikin wannan lamari. An kai ƙarar na ƙasa ne wurin na sama, kuma wannan salo shi ya zama tsarin aikin ƙungiyoyin tsawon shekaru ashirin.

Duk da haka ƙofar ba a buɗe take warai ba. Ƙa'idojin 1998 sun wajabta wa kowace ƙungiya ta samu wata hukumar gwamnati da za ta tsaya mata kafin ma'aikatar harkokin jama'a ta yi mata rajista, kuma hukumomi kaɗan ne ke son ɗaukar wannan kasada. Da yawa sai suka yi rajista a matsayin kamfani suna biyan haraji, wasu suka fake a jami'o'i, wasu suka yi ta aiki ba takarda. Wani bincike da aka yi a 2005 ya ƙirga ƙungiyoyin muhalli 2,768, amma kusan rabinsu gwamnati ce ta kafa su, mafi yawan sauran kuma na ɗalibai ne. Waɗanda talakawa suka kafa da kansu 'yan ɗaruruwa ne. Saboda haka ba yawan su ne ya kamata mu duba ba, abin da suka iya yi da ƙarancinsu shi ne abin nazari.

Gwaji mafi girma ya zo a 2003 a kan kogin Nu, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Tibet ya ratsa Yunnan ya shiga Myanmar, inda ake kiran sa Salween. Gwamnatin lardin da wani babban kamfanin lantarki na gwamnati sun tsara jera madatsun ruwa 13 a kansa, masu ƙarfin da ya haura megawat 21,000, kuma dubun-dubatar mutane, akasarinsu 'yan ƙananan ƙabilu irin su Lisu, za su tashi daga gidajensu. A shekarar ce UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya, a shekarar ce kuma sabuwar dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta fara aiki. Wang Yongchen, 'yar jaridar gidan rediyon ƙasa da ta kafa ƙungiyar 'yan sa-kai tun 1996, ta tara 'yan jarida da masana suka je suka ga kogin da idonsu, suka dawo suka cika jaridu da hotuna. A Kunming kuwa, Yu Xiaogang ya yi abin da ya fi wannan zurfi: ya ɗebi manoman bakin kogin Nu ya kai su madatsar Manwan da ke kan kogin Mekong, domin su gana da waɗanda aka tasa shekaru goma da suka wuce bisa alkawarin wadata, su ga yadda wasunsu suka koma tsintar bola. Wannan ziyara ta jawo masa fushin hukumomin lardi. A cikin hukumar muhalli ta ƙasa kuma akwai jami'an da ke adawa da shirin, suna shirya tarukan masana suna buɗe wa 'yan jarida ƙofa. A 2004 Firaminista Wen Jiabao ya ba da umarnin a dakata a sake nazari. Shirin ya sake ɗago kai daga baya, amma shekaru ashirin bayan haka manyan madatsun da aka tsara a ɓangaren Yunnan ba su tashi ba. Duk wanda ya san yadda aka zartar da madatsar Three Gorges a 1992, bayan an haramta littafin da 'yar jarida Dai Qing ta tattara na masu adawa da ita, ita kuma ta yi watanni goma a tsare, zai gane girman tazarar da aka yi cikin shekaru goma sha biyu.

Makamin da ya fi yi musu aiki, a ganina, bayani ne. A watan Nuwamban 2005 wata masana'antar sinadarai ta fashe a birnin Jilin, kusan tan 100 na sinadarin benzin da danginsa suka kwarara cikin kogin Songhua. Jami'ai suka yi gum na kwanaki, har da za a rufe famfunan Harbin, birni mai miliyoyin mutane, sai aka fara cewa gyaran bututu za a yi. Gaskiya ta fito, shugaban hukumar muhalli ta ƙasa ya ajiye aiki, gubar kuma ta doshi iyakar Rasha. A shekara mai biye Ma Jun, tsohon ɗan jarida da ya wallafa littafi kan matsalar ruwan ƙasar a 1999, ya kafa wata cibiya a Beijing da aka fi sani da IPE. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma da wuya a kama shi da laifi a kanta. Bai auna ruwan kowa ba, bai zargi kowa da bakinsa ba. Ya bi takardun tara da gargaɗin da ofisoshin gwamnati da kansu suka rubuta wa masana'antu, waɗanda ke warwatse a jaridun larduna da shafukan hukumomi inda ba mai ganin su, ya tattara su a taswira guda a intanet. Masana'antar da ke son a cire sunanta sai ta gyara, ta kuma yarda wani mai bincike na waje ya tabbatar. Daga nan ya juya ga manyan kamfanonin duniya da ke sayen kaya daga waɗannan masana'antu, domin su suna da sunan da suke tsoron ya ɓaci. A 2011 cibiyarsa da wasu ƙungiyoyi suka fitar da rahotanni biyu kan masu yi wa Apple aiki, ciki har da batun ma'aikata 137 da wani sinadarin goge gilashi ya yi wa illa a Suzhou. A farkon 2012 Apple ya bayyana jerin masu samar masa da kaya, abin da ya daɗe yana ƙin yi. Daga 2014 aka wajabta wa dubban manyan masana'antu su riƙa sanar da yawan hayaƙi da dagwalon da suke fitarwa kai tsaye, IPE kuma ta zuba wannan a manhajar waya, ta yadda mai shago a Shandong zai iya ganin cewa bututun hayaƙin da ke bayan gidansa ya haura ƙa'ida a wannan sa'a, ya aika wa ofishin muhalli a bainar jama'a.

Akwai masu cewa duk wannan wasan yara ne, cewa ƙungiyoyin sun zama 'yan amshin shata, kuma abin da ya girgiza gwamnati da gaske shi ne fitowar jama'a kan titi. Hujjarsu tana da nauyi. A farkon watan Yunin 2007 dubban mazauna Xiamen, waɗanda saƙonnin waya suka tara, suka fito suna adawa da wata masana'antar sinadarin PX da ake ginawa kusa da unguwanninsu, daga ƙarshe aka ɗauke aikin daga birnin. Irin haka ta faru a Dalian a 2011, a Shifang da Qidong da Ningbo a 2012, kuma a duk waɗannan ƙungiyoyi masu rajista sun ja jiki, domin sun san shiga zanga-zanga na nufin rasa rajista ko abin da ya fi haka muni. Na yarda cewa tsoron titi ya taimaka wajen sa Beijing ta saurari masu magana a hankali. Amma a dubi abin da zanga-zangar ta haifar ita kaɗai. Masana'antar Xiamen an mayar da ita Gulei, wani yankin masunta da manoma a lardin Fujian ɗin dai, inda mutane ba su da murya irin ta 'yan birni, kuma ta yi gobara da fashewa a 2013 da 2015. Fushin rana ɗaya yana iya kawar da haɗari daga ƙofar gidan mai ƙarfi ya kai shi ƙofar gidan mara ƙarfi. Abin da ke sauya ƙa'idar da za ta hau kan kowace masana'anta a ko'ina take shi ne aikin shekaru na tara hujja, rubuta shawarwari ga masu tsara doka, da horar da lauyoyi, irin wanda Farfesa Wang Canfa ya fara a 1998 da cibiyarsa ta taimaka wa waɗanda gurɓata ta cutar. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ƙungiyar da za ta rayu ta ga shekara mai zuwa.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Masu ita na cewa gwamnati ce ta tsabtace iskar Sin da ƙarfin iko, ba wata ƙungiya ba. Bayan mummunan hazon hayaƙin da ya turnuƙe Beijing a Janairun 2013, gwamnati ta fitar da shirin yaƙi da gurɓacewar iska a watan Satumba, Firaminista Li Keqiang ya shelanta yaƙi da gurɓata a 2014, aka rufe tashoshin kwal na cikin birnin, aka tura ayarin sufetoci daga tsakiya zuwa larduna, aka hukunta dubban jami'ai. Matsakaicin ƙwayoyin ƙura masu shiga huhu, waɗanda ake kira PM2.5, ya sauko a Beijing daga kusan maikirogiram 90 a kowace kubik mita a 2013 zuwa 33 a 2021. Babu ƙungiyar da ke da ikon yin wannan, kuma rashin adalci ne a hana gwamnati yabonta. Tambayar ita ce me ya sa ta motsa a lokacin da ta motsa. Shekaru da dama alƙaluman hukuma ba sa ƙirga PM2.5 ko kaɗan, suna kiran ranar da mutane ke tari da ranar gurɓata kaɗan. Ofishin jakadancin Amurka ya fara wallafa awon na'urarsa a 2008, a ƙarshen 2011 kuma masu amfani da dandalin sada zumunta na Weibo suka taso, 'yan sa-kai suka riƙa yawo da ƙananan na'urori suna auna iskar unguwanninsu suna watsawa. A 2012 aka sa PM2.5 cikin ma'aunin ƙasa. Gwamnati ba ta fara yaƙar abin ba sai da ya gagari ɓoyewa. Sannan ikon da ba ya jin muryar ƙasa yana da nasa kuskuren: a hunturun 2017, don cika alƙaluman da aka ɗora musu, jami'ai a lardin Hebei suka cire murhunan kwal daga gidaje da makarantu kafin iskar gas ta wadata, har aka ga yara suna karatu a tsakar gida suna neman ɗumin rana. Hotunan da suka bazu ne suka sa ma'aikatar muhalli ta sassauta umarnin.

Kololuwar abin da ƙungiyoyin suka samu ita ce dokar kare muhalli da aka yi wa garambawul a 2014, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2015. Ta ba ƙungiyar da ke da rajista a matakin birni ko sama, wadda ta yi shekaru biyar tana aikin muhalli ba tare da laifi ba, damar shigar da ƙara a madadin jama'a ko da ɓarnar ba ta shafe ta kai tsaye ba. Ɗaya daga cikin daftarorin dokar ya so a keɓe wannan dama ga ƙungiya ɗaya tak mai alaƙa da gwamnati, ƙorafin da ya biyo baya ne ya faɗaɗa ta. Abokan Halittu da wata ƙungiyar Fujian suka yi nasara a shari'ar farko, kan masu fasa dutse da suka lalata daji a Nanping. A 2020 wata kotu a Kunming ta tsayar da ginin madatsar ruwa da za ta nutsar da mazaunin koren ɗawisu, tsuntsun da 'yan ɗaruruwa kawai suka rage a ƙasar, kuma an yanke wannan hukunci ne kafin ɓarnar ta auku. Amma kotu tana da tsada. A 2017, a shari'ar gurɓatacciyar ƙasa kusa da wata makaranta a Changzhou, ƙungiyoyi biyu suka faɗi aka ce su biya kuɗin kotu yuan miliyan 1.89, kuɗin da zai iya rusa ƙaramar ƙungiya, sai da ɗaukaka ƙara ta sauya hukuncin. Sannan dokar ta ba su damar ƙarar masana'anta ne, ba hukumar da ta kau da kai ba. Wannan dama an miƙa ta ga masu gabatar da ƙara na gwamnati, waɗanda tun 2017 suke ɗaukar mafi yawan irin waɗannan shari'o'i.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da ya samu waɗanda ba su da gata. Wu Lihong, wani mai sayar da kaya a Yixing, ya yi shekaru yana ɗiban ruwan tafkin Tai a kwalabe yana kai ƙarar masana'antun sinadarai. An kama shi a Afrilun 2007, aka ɗaure shi shekara uku bisa zargin zamba da karɓar kuɗi da barazana, zargin da ya musanta. Makonni kaɗan bayan kama shi, gansakuka mai wari ta rufe tafkin, mutanen Wuxi kusan miliyan biyu suka rasa ruwan sha. Abin da ya yi ta gargaɗi a kai ke nan. Bambancinsa da Liang Congjie bai wuce na matsayi ba: shi yana zaune a gari ɗaya da waɗanda yake tona wa asiri, kuma ba shi da wani babba a Beijing. A Tibet da Mongoliya ta Gida kuwa, ƙorafi kan haƙar ma'adinai ko filin kiwo nan da nan ake fassara shi da neman ɓallewa. Ko mashahurai ma ba su tsira ba. Fim ɗin da 'yar jarida Chai Jing ta fitar a ƙarshen Fabrairun 2015 kan gurɓacewar iska, wanda sabon ministan muhalli ya yaba wa a fili, mutane fiye da miliyan 100 sun kalle shi cikin 'yan kwanaki, kafin mako ya cika aka share shi daga intanet. A Janairun 2017 wata doka ta mayar da kula da ƙungiyoyin ƙasashen waje hannun 'yan sanda, abin da ya tsuke hanyar kuɗin da ƙananan ƙungiyoyi da dama suka dogara da ita. Gidauniyoyin 'yan kasuwar cikin gida, irin SEE da aka kafa a 2004, da kwangilolin gwamnati sun cike wani ɓangare na giɓin, sai dai sun fi son aikin raba shara da wayar da kai a kan aikin tono.

Wasu masana a Turai da Amurka sun yi zaton fafutikar muhalli za ta zama ƙofar dimokuraɗiyya a Sin, kamar yadda ta taimaka a Taiwan da wasu ƙasashen Gabashin Turai a shekarun 1980. Da hakan bai faru ba, sai suka ce ta gaza. Wannan auna mutane ne da burin da ba su ɗauka wa kansu ba. Ma Jun da Wang Yongchen ba su taɓa cewa za su sauya gwamnati ba, sun nemi a bayyana gaskiya ne a kuma bi dokar da aka rubuta, kuma a kan wannan ma'auni sun samu abin da mutane ƙalilan suka yi tsammani a 1994. Damuwata ta daban ce. Gwamnatin Xi Jinping ta rungumi kare muhalli a matsayin aƙidarta, ta sa shi cikin kundin tsarin mulki a 2018, ta ɗauki kayan aikin da ƙungiyoyin suka ƙera, wato bayyana alƙaluma da ƙarar masu ɓarna da karɓar ƙorafin jama'a, ta mayar da su nata. A inda burin Beijing ya dace da na 'yan rajin, kamar kama masana'antar da ke yaudarar sufeto, har yanzu ana maraba da su. Matsalar tana wurin da Beijing ɗin ce da kanta ke son aikin, ko wurin da ɓarnar ke faruwa nesa da idon Sinawa. Sa'ad da gwamnatin Chadi ta dakatar da ayyukan kamfanin mai na Sin, CNPC, a 2013 saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, jami'an Chadi ne suka gano abin, domin taswirar da ke bin sawun masana'antu a Sin ba ta kai can ba, kuma ƙungiyoyin Sin da ke bibiyar jarin ƙasarsu a waje kaɗan ne.

A cikin gida ma, a watan Disambar 2024 aka amince da gina tashoshin lantarki a kan kogin Yarlung Tsangpo a Tibet, aikin da aka ƙiyasta zai ci yuan tiriliyan 1.2 kuma ya ninka Three Gorges kusan sau uku a wutar da zai samar, a wani kwazazzabo mai yawan girgizar ƙasa, a kan ruwan da Indiya da Bangladesh ke sha daga gare shi. Firaminista Li Qiang ya ƙaddamar da aikin a Yulin 2025. Ba a ga ayarin 'yan jarida sun je sun dawo da hotuna ba, ba a ji masana suna musu a jaridun Beijing ba, kuma ba a bayyana wa jama'a cikakken rahoton illarsa ga muhalli ba.